Kujera Mai Kallon Bango

Tun da na yi wayo ban taɓa cin abinci a kasuwa ba, ko a bakin titi, ko a wani wuri da mai wucewa zai ga bakina yana motsi. Haka mahaifina ya tarbiyyantar da mu, malamanmu na kwalejin horon malamai kuma suka ƙara ɗaure abin. A wurinsu, magidancin da ya zauna a teburin mai shayi ya yi wa gari shelar cewa gidansa babu tsari, shi kuma babu kamun kai. Na yi koyarwa a ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, daga malamin aji har hedimasta, na yi ritaya na dawo gida Gwaram, ban karya wannan doka ba.

Ba wai ban san wuraren ba ne. Na san su sarai, amma daga waje. Na san tukubar mai tsiren bakin tasha, wadda hayaƙinta kan raka mutum har ƙofar masallaci. Na san rumfar mai masa da ta mai fura. Na san gidajen abincin nan masu labule a ƙofa, inda ba ka ganin komai sai ƙafafun maza a ƙasan labulen. Da takalma nake gane malaman makarantata, washegari kuma in gaishe su ta yadda za su san na gane. Nawa abincin a kula yake zuwa daga gida, in rufe ofis in ci.

A gida ma akwai tsari. A zaure nake ci tare da duk wanda Allah ya kawo. Mai ɗakina, Hajiya, ba ta sa komai a baki sai langata ta dawo ciki, sannan ta ci nata a ɗakinta. Haka muka haifi 'ya'ya, muka aurar da su, muka ga jikoki, ban taɓa ganin yadda take cin abinci ba. Ban ɗauki wannan abin mamaki ba. Mahaifina ma bai ga mahaifiyata tana ci ba, kuma sun zauna lafiya.

Bazarar da ta wuce aka yi wa Hajiya aiki a ciki, a asibiti a Birnin Kudu. Aiki ya yi kyau, aka sallame mu, sai dai ta dawo gida ta bar cin abinci a can. Ƙanwarta ta taso daga Sara don jinya. Wannan baiwar Allah ita ma ta tsufa, amma tun ranar da aka kawo mini yayarta take tsokanata, shekaru kuma ba su rage mata komai ba. Ita ke shiga da kwano, ita ke fitowa da shi yadda ya shiga. An yi kunun gyaɗa, an yi farfesun kaza, an dama fura da nono mai kyau. Hajiya takan duba, ta ce Allah ya yi albarka, ta juya kai.

Da muka koma ganin likita, ya ɗora ta a kan sikeli, ya daɗe yana kallon sikelin. Sannan ya ce mini, a gabanta, magani ba ya aiki a cikin da babu komai; idan muka dawo ranar da ya ɗiba mana ta ƙara raguwa, zai kwantar da ita a sa mata abinci ta roba. A mota, da muka kusa gida, Hajiya ta kira ni. Ta ce, “Malam, gadon can ba zan koma ba. In lokaci ne ya yi, a ɗakina.” Ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba, kuma na san ba ta faɗin abin da ba ta nufi.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwar ta same ni a zaure, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Hedimasta, Yaya ta ambaci abinci.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. A dafa.”

“Ba a dafa shi. Abin nan take so mai sanyi da muka sha a Madina. Askirim.”

Su biyu suka yi aikin Hajji tare, shekara guda bayan nawa. Hajiya ta ba ni labarin Arfa da jifa da cunkoson ɗawafi, amma wannan babin ba ta taɓa buɗe shi ba. Na tambayi ƙanwar ko a ina suka sha.

“A bakin titi, Malam. A tsaye. Kullum bayan la'asar.”

Akwai labarin da sai mutum ya zauna da shi tukuna.

Na bincika a Gwaram. Abin da na samu shi ne ƙanƙara mai launi a leda, wadda yara ke tsotsa. Ƙanwar ta duba ta ce in mayar wa masu ita. Aka ce mini na gaskiyar sai Birnin Kudu, a wani sabon shago mai ƙofar gilashi da sola a kan rufi. Na sa babbar riga, na ɗauki tsohuwar kulata ta zuwa makaranta, na shiga motar haya.

Na wuce ƙofar shagon na dawo, na sake wucewa kamar mai neman wani gida, kafin na shiga. Wuri ne mai sanyi da tebura kaɗan, samari da 'yan mata suna cin cincin da wani burodi naɗaɗɗe da nama a ciki, talabijin na nuna ƙwallo. Mai shagon, wani mutum da furfura ta fara taɓa gemunsa, yana ganina ya zagayo ya durƙusa. Ɗalibina ne na da can, a wata makaranta wajen Kiyako. Na tuna shi: mai surutu ne, amma ba mugu ba. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na kuma bayyana masa cewa ba ni zan sha ba. Ya cika kular, ya ce, “Ranka ya daɗe, sai dai a yi sauri.”

Ni na yi sauri. Motar ce ba ta cika ba. Muka zauna a tasha rana tana dukan rufi, kula tana bisa cinyata, direba yana ta rantsuwa cewa saura mutum ɗaya. Da muka tashi kuma aka tsaya sauke buhuna a kowane ƙauye. Na isa gida na miƙa kula ciki, na koma zaure na jira. Jim kaɗan ƙanwar ta fito da ita.

“Yaya ta gode. Ta ce madarar ta yi zaƙi, sai dai da ɗumi.”

“Ta sha?”

“Ta shinshina.”

Na tsaya na yi nazari. Tunda abin ba ya zuwa Gwaram, Hajiya ce za ta je wurinsa. Ban jira ranar likita ba. Na nemi motar wani maƙwabcinmu, muka shimfiɗa mata matashi a baya, ita da ƙanwarta, muka kama hanya da hantsi.

Mai shagon ya share mana tebur a kusurwa. Matasan da ke ciki, ganin mai wuri a durƙushe gaban wani tsoho, suka ajiye cokula, wani ya rage muryar talabijin. Aka kawo wa Hajiya farin askirim a ƙaramin kofi da cokalin roba. Ta dube shi, na ga fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ta ɗauki cokalin. Sai ta ɗago ta gan ni zaune a gabanta. Ta ajiye, ta gyara mayafi.

Muka zauna. Askirim ya fara zubar da gumi.

Na ce, “Bismillah, Hajiya.”

Ta ce, “To, Malam.” Ba ta motsa ba.

Ƙanwar ta ce, “Hedimasta, ka zuba mata ido kamar mai gadin jarrabawa, ta ina zai wuce? Tashi ka ba mu wuri.”

Na miƙe zan fita. Hajiya ta dubi ƙofar gilashin, inda rana ta ƙwalle babu ko inuwar itace, ta ce, “A tsayar da Malam a titi saboda cikina, duk garin nan suna kallo? A'a. Mu tafi gida.” Ta fara laluben takalminta da ƙafa.

Na san idan ta shiga motar nan, magana ta ƙare. Na dubi shagon. A bayana akwai bango, da wani ɗan kanta na katako a jikinsa. Na ɗaga kujerata na juya ta, na zauna ina fuskantar bangon, na tattara babbar rigata bisa gwiwa. A shekarun aikina na sa yara masu yawa sun fuskanci bango, kuma har gobe ina ganin horo ne mai amfani. Wannan ne dai karon farko da na ga abin daga ciki. Fentin bangon shuɗi ne, an yi shi da gaggawa.

Na ji mai shagon ya yi wani tari wanda ba tari ba ne.

Na ce, “Akwai magana?”

“Babu, ranka ya daɗe. Kawai dai na tuna aji huɗu.”

“Kai ka jawo wa kanka.”

“Haka ne, Malam.”

Na kasa kunne. Babu ƙarar cokali. Can na ji Hajiya tana yi wa ƙanwarta raɗa, ƙanwar kuma, wadda ba ta san raɗa ba, ta maimaita wa shago duka: “Wai ta yaya za ta ci, maigida bai ci ba?”

A nan ne na fahimci inda aka kawo ni. Dokar Hajiya ce ta tsaya a gaban tawa, kuma dole ɗaya ta kauce. Tata ta girmama ni ce. Tawa kuwa, da na duba ta a wannan kusurwa, ba ta da wani aiki sai hana matata abinci. Ban yi dogon tunani ba, askirim ba ya jira. Na ɗaga hannu ba tare da na waiwaya ba, na ce, “A kawo mini irin na Hajiya.”

Aka ajiye mini kofi a kan ɗan kantan. Na yi bismillah. Babu wanda ya gaya mini cewa ba a yi masa lomar tuwo. Na cika cokali na kai baki na haɗiye. Wani sanyi ya taso daga haƙoran da suka rage mini, ya bi ta hanci ya tsaya a tsakiyar goshi, kamar an kafa ƙusa. Idanuna suka kawo ruwa. Na gode wa Allah da ya sa bango ne kaɗai shaida.

Ƙanwar ta ce, “Yaya dai, mijin Yaya? Na ga ƙeyarka ta ƙage.”

Da na samu murya na ce, “Ba laifi.”

Sai na ji. Wata 'yar ƙara ce, ta roba a jikin roba, a hankali, sai shiru, sai kuma ta dawo. Ban juya ba. Na ci gaba da nawa kaɗan-kaɗan, don kada ta ji na tsaya ita ma ta tsaya. A bayana matasan suka koma ga abincinsu ɗaya bayan ɗaya, wani ya ƙara muryar ƙwallo, na ce masa ya mayar inda take. Ina bukatar jin cokalin. Daga nan ƙarar ta canza, ta zama ta kankarar gindin kofi.

Muryar Hajiya ta ce, ƙasa-ƙasa, “Na Madina ya fi madara.” Sai ta ƙara da tambaya, “Wannan burodin da yaran can ke ci, da nama a ciki?”

Mai shagon bai bari ta rufe baki ba. Ni ma aka kawo mini, bisa ƙa'ida, na fara. Ƙanwar ta sanar da ni cewa Hajiya ta ci kusan rabi, ita ƙanwar kuma ta cinye sauran da kanta don kada a yi asara.

Kafin ranar likita mun sake zuwa, maƙwabcina ya fara tambaya ko wani sabon asibiti aka buɗe. A gida kwanon kunu ya soma dawowa da ragi, daga baya tuwo ya bi sahu. Ranar da aka ɗiba mana, likita ya ɗora ta a kan sikeli, ya duba, ya rubuta magani, ya ce mu dawo bayan salla. Maganar gado ba ta taso ba. Ya tambaye ni me muka ba ta. Na ce masa abinci.

Labari ya riga mu isa Gwaram, kamar yadda na zata. Wani tsohon malamin makarantata, wanda na sha gane takalminsa a ƙasan labule, ya tare ni bayan Juma'a ya gaishe ni ta yadda zan san ya ji. Na amsa masa da kyau.

Yanzu Hajiya ta warware, ƙanwarta ta koma Sara, amma duk ranar da muka shiga Birnin Kudu sai mun biya shagon. Mai wurin ya bar kujerar a yadda na juya ta, an ce matasa ba sa zama a kai. An sake fentin bangon, ya yi kyau fiye da da. Har yau ban ga Hajiya tana cin abinci ba. Sai dai na san tana farawa da gefen kofi, tana hutawa a tsakiya, kuma idan abin ya yi mata daɗi takan buga cokali sau ɗaya a bakin kofin kafin ta ajiye. Idan na ji wannan, sai in juyo da kujera.