Mainasara, Mahaddacin Amsoshin Jarrabawa

Duk wanda ya yi sakandare a Daura cikin shekarun nan ya san rumfar Malam Mainasara mai littattafai, wadda ke kusa da tashar mota. Haifaffen garin Babban Mutum ne. Ya haddace Alƙur'ani a gaban mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi firamare da aji uku na sakandare, sannan rasuwar mahaifin ta mayar da shi gona. Da ya yi iyali sai ya dawo Daura, ya kafa teburin sayar da littattafan makaranta.

Abin da ya fi tafiya a teburin shi ne littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawar fita sakandare, waɗanda ake buga su tare da amsoshinsu. Daga hantsi zuwa azahar, lokacin da yara ke aji, kasuwarsa kan kwanta, sai ya ɗauki ɗaya yana karantawa don ɗebe kewa. Kan da ya riƙe izu sittin bai sha wuya da su ba. Cikin shekara huɗu ya haddace Fizikis da Kemistiri na shekara ashirin, tambaya da amsa, har da zane-zanen. Kuma yana bin su da tilawa kamar yadda aka horar da shi tun yana yaro, kowace safiya ya biya na shekara biyu.

Ɗalibi kan zo ya karanta layin farko na tambaya. Kafin ya rufe baki, Mainasara ya ƙarasa masa ita, ya faɗi shekararta da lambarta, ya zubo amsar daki-daki. Maƙwabcinsa Nagoggo mai gyaran agogo kan leƙo ya ce, "Farfesa, a sassauta mana, kada allurar agogona ta narke!" Ni ma na sha tsayawa ina saurare. Hausa na koyar har na yi ritaya, ban san komai a wannan fanni ba, don haka albarka kawai nake sa masa in wuce.

'Yarsa Siddiƙa ita ce ta uku a gidansa, kuma ita ta gado kansa. Burinta ta shiga makarantar koyon aikin jinya, wadda ba a shigarta sai da kiredit a Fizikis da Kemistiri. Da ta kai ajin ƙarshe, uban ya ce ba ta bukatar darasin yamma na makaranta, shi zai koyar da ita. Ta yi ta biya masa, yana gyara mata, har ta sauke littattafan biyu ba tuntuɓe.

Da sakamako ya fito, ta ci Turanci da Hausa da Bayoloji da kyau, ta tsallake Lissafi da ƙyar. Fizikis da Kemistiri kuwa ta faɗi warwas.

Bayan la'asar Mainasara ya zo gidana da yarinyar, takardar tambayoyin a hannunsa.

"Malam, wasiƙa za ka rubuta mini zuwa hukumar jarrabawa. An cuci yarinyar nan. Na saurari abin da ta rubuta, ko wasali ba ta kuskure ba."

Na ce masa ba a kai ƙara sai da hujja. Na aika aka kira Malama Rauda, tsohuwar ɗalibata, wadda ke koyar da Fizikis a makarantar 'yan mata, gidansu kuma yana bayan nawa. Ta zo ta gaishe mu, ta karɓi takardar, ta zaɓi tambaya ɗaya ta fassara mini ita. An saki dutse cikin rijiya, ya yi sakan uku kafin ya taɓa ruwa. Nawa ne zurfin rijiyar?

"Siddiƙa, me kika rubuta a nan?"

Yarinyar ta gyara zama, ta biya amsarta tiryan-tiryan, ta rufe da cewa mita ashirin.

"Ashirin? Ai wannan amsar sakan biyu ce. Takardar uku ta ce."

"Na gani, Malama. Kuskure suka yi wajen bugawa. Asalin tambayar sakan biyu ne, tana shafi na tamanin da ɗaya. Na soke ukun, na rubuta biyu, na kuma yi wa mai dubawa bayani a gefe."

Malama Rauda ta sauke takardar kan cinyarta. "Kika gyara musu tambaya?"

"Ai dole ta gyara," in ji Mainasara. "In allo ya saɓa wa hadda, allon ake wankewa. Ko ba haka ba, Malam?"

Malama Rauda ta tambayi yarinyar tambayoyi nawa ta gyara. Ta ƙirga da yatsu: huɗu a Fizikis, uku a Kemistiri, inda aka sauya nauyin gishirin da aka narkar cikin ruwa. Har ta ce ta yi mamakin yawan kurakuran bana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malama Rauda. Sai ta juya ga uban cikin ladabi. "Baba, ka yi haƙuri da tambayar da zan yi. Rijiyar da dutse ya yi sakan uku a cikinta, nawa ne zurfinta?"

"Ba a taɓa yin wannan tambayar ba."

"Ga ta an yi."

Leɓɓansa suka shiga motsi, yana laluben shekara ashirin ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "In biyu ashirin ne, to uku talatin ke nan."

"Arba'in da biyar ne, Baba. Dutse ƙara gudu yake yi yana faɗuwa. A sakan na farko mita biyar yake ci, a na biyu goma sha biyar, a na uku ashirin da biyar. Littafin misali ya ba ka don ka koyi hanya. Kowace shekara sauya lambobin ake yi da gangan."

"Da gangan?"

"Da gangan, don a gane wanda ya fahimta."

Na daɗe a duniya, amma ban taɓa ganin fuskar dattijo ta zube haka ba. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar. Shekara goma sha ɗaya ana kiransa Farfesa, kuma Allah shi ne shaida, bai taɓa nufin yaudarar kowa ba. A iya saninsa, ilimi abu ne da ake karɓa daga bakin malami, a tsare shi kada ya sauya. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wani ilimin da ba ya tabbata sai an sauya shi an gani. Mu da muka yi boko muka yi ta tafa masa.

"Ashe ni na kayar da ita," ya ce da ƙaramar murya.

Siddiƙa ta fashe da kuka. Ƙawayenta biyu sun riga sun sami gurbi, ita kuwa abin da ya rage mata shi ne jarrabawar ƙarshen shekara ta masu sake zama, saura wata uku.

Malama Rauda ta karɓe ta, bisa sharaɗin kada uban ya ƙara sauraren biyawarta. Daga baya ta gaya mini ba ta taɓa samun ɗaliba mai wuya irinta ba, domin da an fara karanta tambaya sai tsohuwar amsa ta riga tunani fitowa. Dole ta riƙa ƙirƙiro mata tambayoyin da ba su cikin kowane littafi: guga da igiya, jarkar ruwa a kan amalanke, kanwa da tsamiya a cikin kwano. Mako uku na farko yarinyar ba ta ci ko ɗaya ba.

Shi kuwa Mainasara, ya zauna ya tuno yaran da suka fi lazimtar rumfarsa suka kuma faɗi. Ya sami goma sha huɗu. Ya bi gidajensu da ƙafa, har Baure ya je saboda ɗaya, yana faɗa wa iyayen abin da ya faru, yana neman gafara. Mafi yawansu suka ce ba komai, haka Allah ya ƙaddara. Wani mahaifi ya saurare shi har ƙarshe, ya tashi ya shige gida.

Sakamakon ya fito wata huɗu bayan jarrabawar. Siddiƙa ta sami kiredit a duka biyun, na Fizikis ɗin a kan gaɓa, da ƙyar da jiɓin goshi. Uban ya kawo mini takardar da kansa, ya ce in karanta masa da ƙarfi ko da yake ya iya karatu. Na karanta. Ya ce in sake.

Ranar da za ta tafi makarantar jinyar, na raka su tasha. Tana cikin mota ta leƙo ta taga.

"Baba, in na dawo hutu zan koya maka ta rijiyar."

"Ki dai fara da marasa lafiya," ya ce. "Kuma don Allah, abin da likita ya rubuta, kada ki gyara masa sai kin tambaya."