Makaɗin da ya Koma Baya

Tun Nana tana ciki nake tsoron ranar da za ta ƙi abinci. Ban san dalili ba. Bayan na haife ta, ko tari ta yi sai na taɓa ƙirjinta. To, ranar ta zo. Yau kwananmu tara a likita, wato asibiti, nan Magariya. Hannunta ya koma kamar sillen kara, kuma madarar da majo, ma'aikaciyar jinya, take dama mata, in na kai cokali sai ta dantse haƙora.

Ina zaune bakin gadon nan, Iya nake ta tunawa, kakata da ta rene ni a wani ƙauye kusa da Guci. Lokacin sanyi, in an sauke tuwo bayan magariba, ba ta bari wutar murhu ta mutu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Ta ce, "Ga wata can bakin ƙofa tana sallama." Mu ce, "Ta shigo, Iya!"

Tatsuniyar da ta fi yawan shigowa ita ce ta makaɗa biyu. Wai wani mai gona ya kira gayya, ya ɗauko makaɗan noma biyu. Na farko sananne ne, ana jin gangarsa gari uku. Ya bi samarin da ke gaba yana zuba musu kirari, suna zabga noma, mata na guɗa. Na biyu tsoho ne, Tanimu, gangarsa duk faci. Shi sai ya waiga, ya hango wani mutum can baya shi kaɗai, bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ko rabin layinsa bai kai ba. Tanimu ya koma wurinsa. Ya zuba wa hauyar mutumin ido: in ta sauka ya buga, in ta tsaya ya jira, yana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa. Haka har mutumin ya fita gonar, ƴan gayya duk sun dawo sun tsaya shiru suna kallo.

Na taɓa ce mata, "Iya, ai na farkon ya fi iya kiɗa." Ta dungure mini kai. "Ke ja'ira! Waɗancan samarin ko ba ganga za su yi noma. Wa ya kai mai ciwon bakin gona?"

Ban yarda ba. Da na yi aure, maigidana ya kai ni wasan wani mawaƙi a Magariya. Ga fitilu, ga kiɗa har cikin ƙirji, samari sun hau kan motocinsu don su hango shi. Na yi rawa har takalmina ya tsinke. Na ce a raina, Iya ba ta ga komai ba.

Kwana shida na farko a nan, irin na makaɗin farko na yi ta yi. Ina tafi, ina kunna mata waƙoƙi a waya, ina "Ci mana, Nana, don Allah ki ci!" Shekaranjiya ƙarfina ya ƙare. Na rungume ta kawai, na kama waƙar Tanimu, ina bin numfashinta, in ta ja in jira:

"Sannu mai hauya, ba a bar ka ba,
Ga ni nan bayanka, taka ɗaya."

Ta buɗe baki. Cokali uku ta haɗiye. Sai waƙar ta ƙare mini.

Ta tsura wa bakina ido tana jira. Iya ta goya ta da waƙar nan har Allah ya yi mata rasuwa bara, Nana ta san akwai saura. Ni ce ban riƙe ba. Duk lokacin da Iya ta kai wurin, ni ina can ina tonon gyaɗa a toka. Na maimaita farkon, ta kau da kai. Jiya ma haka, yau ma haka: uku, sai ta rufe baki.

Majo ta ce, "Uwar Nana, cokali uku ba za su riƙe ta ba."

Na ce, "Majo, waƙar ce ta ƙare."

Na buga wa gwaggona waya, ta ce ita ma nan ta tsaya.

Iya ta taɓa ce mini a wajen tata kakar ta ji labarin, to ba za a rasa wata tsohuwa da ta san shi ba. Don Allah, ku da kuke jin maganata, in kuna da tsohuwa a wajen Guci, Dungas ko Bande, ku rera mata baitin nan biyu yau, kada ku bari sai gobe. In ta ɗora, ku kawo mini sauran. Muna ɗakin yara, gadon da ke jikin taga. Ku ce uwar Nana.