Verlene Stidham, Mai Gadin Da Ta Rubuta Sunaye Tara

Haihuwa da asali

An haifi Verlene ranar huɗu ga Maris, shekarar 1949, a garin Harlow Bend na gundumar Tolliver. Mahaifinta Orville Tackett ma'aikacin injin yanka katako ne, mahaifiyarta Opal kuwa tela ce. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar. Gidan yana da nisan mil goma sha huɗu daga kwalta, naman da suke ci da hunturu kuma na barewa ne wanda mahaifin ya harbo, saboda haka ta san bindiga a matsayin kayan aiki, kamar gatari, wanda ake kullewa idan an gama da shi.

Karatu da aure

Ta bar makaranta a aji na goma, shekarar 1965, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifiyarta. Ba ta sake komawa aji ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan ba. A watan Yuni na 1968 ta auri Hoyt Stidham, wanda ke aiki a gaban wutar narka gilashi a masana'antar kwalabe ta garin. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu cikin shekara tara.

Aikin ƙofa

A 1985 masana'antar ta ɗauke ta gadi a babbar ƙofa. Aikinta ɗaga sandar da ke tare ƙofa ne da cika littafin shige da fice. Shekara goma sha tara ta yi a wannan ɗan ɗaki, har ta haddace lambar kowace mota, da wanda ke rage wa wa hanya, da ranakun da kowane rukuni ke bakin aiki. An shaide ta da abu ɗaya: ba ta taɓa rubuta ƙarya a littafin ba, ko da ta minti biyar ce don a rufa wa makararre asiri.

Dokar kamfani ta hana shiga da makami cikin shinge, har da filin ajiye motoci. Kowa ya san da dokar, kowa kuma ya san cewa a makon farko na farautar barewa rabin a-kori-kurar da ke filin suna ɗauke da bindiga a bayan kujera, domin masu tashi aiki daji suke wucewa kai tsaye. Al'adar masu gadi tun kafin zuwanta ita ce su buga rufin mota sau biyu su kawar da kai. Haka ta samu, haka ta bi.

Litinin ɗin Nuwamba, 2004

A wannan shekara masana'antar ta koma hannun wasu masu ita daga wata jiha. Ranar Litinin ta farkon makon farauta, ba tare da gargaɗi ba, sabon manaja ya tsaya a fili da baƙin masu gadi biyu, ya sa a buɗe motoci, ya miƙa wa Verlene littafin. An samu bindiga a mota tara, dukkansu a kulle, babu harsashi a ciki. Ta rubuta biyar. Ta shida motar mijinta ce, kuma manajan bai san haka ba, ya riga ya wuce gaba. Hannunta ya tsaya.

"Rubuta, Verlene," in ji Hoyt. "In kin tsallake ni, da wane ido za ki kalli Delmer ranar Lahadi?"

Delmer Yancey shi ne na biyu a jerin, kuma benci ɗaya suke zama da shi a coci. Ta rubuta sunan mijinta, ta ƙarasa sauran ukun. Kafin ƙarfe biyu an sallami mutum tara, an kuma sa a takardar kowannensu cewa an kore shi ne saboda shiga wurin aiki da makami. Wannan layi guda shi ne masifar, domin babu masana'antar da za ta ɗauki mutum da shi a takarda. Maza masu shekara ashirin zuwa talatin a sana'a suka koma yankan ciyawar mutane.

A faɗi gaskiya: Verlene ta yi laifi, amma ba a ranar ba. Laifinta na shekaru goma sha tara ne da ta yi tana kawar da kai, har mutane suka ɗauka dokar ta mutu. Ita ce ta fara faɗin haka a gaban jama'a, ranar Juma'ar makon kuma ta ajiye aikin.

Zirga-zirga zuwa majalisa

Daga 2005 zuwa 2007 sau uku tana kai ƙudiri babban birnin jiha ta hannun ƙungiyar mafarauta ta gundumar. Abu biyu ƙudirin ya ƙunsa. Na farko, wanda doka ta yarda ya mallaki bindiga yana iya barin ta a kulle cikin motarsa, a ɓoye, a filin wurin aiki, muddin bai fito da ita ba. Na biyu, duk wanda aka kora saboda wannan kaɗai cikin shekara biyar da suka gabata, a goge masa tabon, a ba shi damar komawa.

Masu masana'antu suka ce fili nasu ne, su ke da ikon abin da zai shiga, kuma suna tsoron ranar da wani zai fusata ya ruga mota. Verlene ba ta raina wannan tsoro ba. Amsarta ita ce mai niyyar ɓarna ba ya tambayar abin da allon ƙofa ya ce, kuma cikin mutum taran nan babu wanda ya taɓa ɗaga wa wani hannu.

Shugaban kwamitin da ƙudirin ke faɗawa hannunsa shi ne Lauya Carlisle Brumfield, wakilin mazaɓarta, wanda ya shekara ashirin da biyu a kujerar. Sau uku yana karɓar ta da fara'a, sau uku yana barin ƙudirin a aljihun tebur har zama ya ƙare. A cikin wannan jira Arlis Boggs, na takwas a jerin, ya rasu da tabon a takardarsa.

Zaɓen fidda gwani na 2008

A Janairun 2008 ta yanki takardar takara. Suka haɗu da Brumfield a liyafar soyayyen kifi ta 'yan kwana-kwana, ya ɗaga murya don a ji.

"'Yar'uwa Verlene, majalisa fa ba ɗakin gadi ba ce. Can karatu ake yi, ba ɗaga sanda ba."

"Na sani, Lauya. Shekara uku na ba ka ka karanta shafi biyu, har yau ba ka gama ba."

Brumfield bai damu ba, domin ya san lissafinsa. Ana buɗe rumfunan zaɓe bakwai na safe a rufe bakwai na yamma, aikin masana'anta kuma daga bakwai ne zuwa bakwai. Ranar zaɓe wasu na gaban wuta, wasu na barcin gajiya, don haka ma'aikatan kwalabe ba sa zaɓen fidda gwani. Abin da bai lissafa ba shi ne makonni biyu na jefa ƙuri'a da wuri a hedikwatar gunduma, da kuma matar da ta san jadawalin kowane rukuni da ka. Ta ari bas ɗin coci, Hoyt yana tuƙi, kowace safiya suna tsaye a tsallaken titin masana'antar suna kwasar masu tashi aiki zuwa hedikwatar. Ko kofi ɗaya ba ta ba kowa ba, don kada a ce ta sayi ƙuri'a. Ta kayar da shi da ƙuri'a ɗari da arba'in da uku, a watan Nuwamba kuma ta ci babban zaɓe ba tare da wahala ba.

Dokar 2009

A zaman farko manyan jam'iyyarta suka kira ta suka ce idan ta cire sashe na biyu, ƙudirin zai wuce ba hamayya, idan kuwa ta nace, yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Shekara biyar ɗin mutanenta za ta cika a Nuwamba, babu wani zama kafin nan. Ta ce sashe na biyu ne ya kawo ta, kuma ba ta iya goge abin da ta rubuta da hannunta sai ta wannan hanya. Aka kaɗa ƙuri'a ranar goma sha ɗaya ga Mayu, ƙudirin ya wuce cikakke da rinjayen mutum biyu, aka sa masa hannu a Yuni.

An goge tabon daga takardu tara, har da ta marigayi Arlis, wadda ta kai wa matarsa da kanta. Mutum shida suka koma aiki ranar uku ga Agusta, Hoyt a cikinsu, yana da shekara sittin da uku. Delmer Yancey ma ya koma, amma iyalinsa sun riga sun watse a shekarun zaman banza, kuma bai sake gaishe ta ba. Ya canza benci a coci.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi zango biyu ta sauka a 2012, tana cewa abin da ya kai ta ya ƙare. Sauran shekarunta ta yi su tana koyar da kulle makami da adana shi a darasin lasisin farauta, kuma an san ta da kayar da duk wanda ya yi wasa da bakin bindiga, ko da jikanta ne.

Ta rasu da safiyar goma sha bakwai ga Oktoba, 2021, a gidanta, bayan ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da biyu. An binne ta a maƙabartar cocin Harlow Bend. Biyar daga cikin mutanen da ta rubuta sunayensu ne suka ɗauki akwatin. An aika wa Delmer ya zama na shida, ya ce a gode wa iyalin, ba zai zo ba. Haƙƙinsa ne. Babban ɗanta ya kama wannan hannun na akwatin.

Ta bar mijinta Hoyt, da 'ya'ya huɗu: Royce, direban babbar mota, Nadine, ma'aikaciyar jinya, Orville, wanda ke gaban wuta a masana'antar kwalabe, da Twila, malamar makaranta, da jikoki goma sha ɗaya.