Inna Bokrye da Bargunan Maƙwabciya

Inna Bokrye yayar mahaifiyata ce. Ta yi shekara ashirin da shida tana zaune a ɗaki guda a unguwar Sillim da ke Seoul, irin ɗakunan nan da rabinsu ke cikin ƙasa, waɗanda in ka leƙa taga takalman masu wucewa kawai kake gani. Da na gama jami'a ban sami aiki da wuri ba, sai na tare a wurinta. Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuma ba ta son a katse ta, don haka zamanmu ya zo daidai.

Tana da shekara goma sha bakwai ta baro ƙauye ta shiga masana'antar ɗinki. Mijinta magini ne, ya rasu tun ban yi wayo ba. Ya bar mata ɗa guda, Donguk, wanda ke aikin ƙera jiragen ruwa can kudu, yana bugo waya sau biyu a shekara. Ya kuma bar mata sanin bango. Duk layinmu babu ɗakin ƙasa da ba ya warin laima sai nata. Babu abin da ke taɓa bangonta: kabad, firji, har kwandon shara, kowanne ta janyo shi gaba da faɗin tafin hannu don iska ta ratsa. Kafin damina takan kwashe ganyen da ya toshe kwatar bayan gida, ta cike duk tsagar da ta gani da siminti, ta jera gawayi a kusurwoyi. In ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba, sai ta kunna wutar ɗumama daɓe ana tsakiyar zafi, mu zauna muna zufa, fanka tana fuskantar bango ba mu ba. Matan layi in sun ga funfuna ta fito musu, wurinta suke zuwa. Sai ta gama yi musu faɗa sannan ta bi su.

Ɗakin da ke jikin namu na Maman Gitae ne, mai sayar da kimchi, wato tsumammen kabeji mai yaji, a kasuwa. Bangonta kullum a jiƙe yake, kuma duk shekara Inna ke zuwa ta goge mata tana mita. Ina jin tana jin daɗin wannan zuwan fiye da yadda take nunawa.

A watan Mayu ɗanta Gitae ya zo da motarsa. Kwana biyu ya yi yana liƙa wa bangon uwarsa wata takarda mai kauri kamar soso, fara tas. Ya kawo sabon kabad da ya cika bangon tun daga wannan kusurwa har waccan. Maman Gitae ta tara matan layi su gani.

"Yaya, taɓa ki ji," ta ce wa Inna. "Ya ce ruwa ba ya ratsa ta."

"Ya kankare funfunar da ke ƙasa kafin ya liƙa?"

"Wace kankara? Hutun kwana biyu ya samu. Yaron nan ko abinci a tsaye ya ci. Ke ma ki ce wa Donguk ya zo ya yi miki, ki huta da gawayin nan. Ɗakinki kamar na mai gasa nama."

Matan suka yi dariya. Inna ma ta ɗan murmusa.

Sai Maman Gitae ta buɗe kabad ɗin. Barguna uku ne a jere, na alharini, cike da auduga. 'Yarta Dahye za ta yi aure a watan Oktoba, kuma waɗannan ne za a kai wa iyayen ango. Da su uwar miji ke auna gidan da amarya ta fito. Tun bara Maman Gitae ta sa aka ɗinka su. Na ga Inna ta kai hannu bayan kabad ɗin. Ko yatsa bai shiga ba.

"Sun yi kyau," ta ce.

Da muka koma ɗakinmu na ce, "Inna, kabad ɗin ya manne da bango."

"Na gani."

"Ba za ki gaya mata ba?"

"Tana da ɗa. Ɗanta ya san komai."

Ruwa ya sauko a ƙarshen Yuni, ya ƙi ɗaukewa. A wannan daminar babu matar da ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Biyu daga cikinsu ma sun sayo irin takardar. Ranar Lahadi in tayoyin motar Gitae suka tsaya a tagarmu, Inna takan ce, "Kullum yana hanya. Ba shi da aikin yi ne?" Sannan ta ɗauki wayarta ta duba ko Donguk ya kira, ta ajiye.

Ni ma na san abin da ke faruwa a bayan kabad ɗin, ita ce ta koya mini. Kusan kowace safiya ina haɗuwa da Maman Gitae a matakala. Sai in rusuna in gaishe ta, maganar ta zo har bakina, in wuce.

A kwana na goma sha shida da saukar ruwan, Maman Gitae ta kawo mana wainar lawashi mai zafi, ta ɗan zauna ta tafi. Inna ta rufe ƙofa.

"Kin ji warin rigarta?"

"Na ji."

"To ya shiga cikin kabad ke nan."

Ta zauna ta cinye wainar a hankali, har ta lashe yatsu. Ban taɓa ganin irin wannan jin daɗin a fuskarta ba, kuma ban so na gani ba. Sai da ta ƙara kwana biyu ba ta leƙa ɗakin ba. Rana ta uku da safe ta sa takalmi ta ce, "Taso."

Da muka shiga ɗakin Maman Gitae ba ta yi wata doguwar gaisuwa ba. "Matsa, Maman Gitae. Yerim, kama can," ta ce da ni. Muka janyo kabad ɗin da ƙyar. Bayansa ya yi baƙi ƙirin. Inna ta sa farce ta ɓare gefen takardar, ruwan da ya taru a bayanta ya gangaro daɓe. Bargon ƙasa funfuna ta cinye shi har cikin auduga. Na tsakiya gefensa kawai ta taɓa. Na sama lafiya lau.

Maman Gitae ta zauna a ƙasa da bargon a cinyarta. Ta shafa inda funfunar ta ci.

"Tun yaushe kika sani, Yaya?"

"Tun ranar da kika tara mu."

"Kika yi shiru."

"Kin ce ɗakina kamar na mai gasa nama."

"Wasa nake yi."

"Na sani."

Ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Barguna biyun da suka tsira ɗakinmu suka dawo, domin babu wani busasshen wuri a layin. Inna ta ɗora su a kan kujeru biyu a tsakiyar ɗaki, tana juya su kowace safiya, muna raɓawa ta gefensu har Oktoba. Biyu aka kai wa iyayen ango, ba uku ba. Maman Gitae ta yi wata guda tana amsa gaisuwar Inna da ka kawai.

Gitae kuwa Lahadi uku a jere yana zuwa. Ya ɓare takardar duka, ya kankare bangon har siminti, ya cike tsagogi, ya shafa maganin hana ruwa sau biyu. Inna na tsaye a bakin ƙofa tana ba shi umarni, shi kuma yana cewa, "To, Inna. Haka, Inna?" A rana ta ƙarshe ya rusuna mata har sau biyu, ya ba ta kwalin tuffa.

Ta shigo ta ajiye kwalin ba ta buɗe ba.

"Yaron yana jin magana," ta ce. "Lahadi uku." Ta zauna ta zuba wa bangonta ido. "Wannan ko shekara ashirin zai ƙara, babu abin da zai sa wani ya zo duba shi."

Na tashi na dafa mata shayin sha'ir.