Rabona a littafin Baba

Shekarar da aka ba mu mulkin kai Baba ya rasu a Geza. Tsohon soja ne, kuma cikin kayan da ya bari akwai ƙamus na Turanci da Hausa, wanda ya fi ji da shi fiye da takalmansa na soja. Mu goma sha ɗaya ne. Malamin da ya zo rabon gado ya saba da littattafan addini masu warwatsattsun warƙoƙi, don haka ya sa aska ya yanke zaren ɗinkin, ya kasa shi kamar goro: namiji kashi biyu, mace ɗaya. Ni ce auta, na tashi da 'yan takardu marasa kauri. Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin tuwo.

Haushin ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a Bagudo, da goyona a baya, don in san abin da aka ba ni. Babban yayanmu, mai fataucin kifi tsakanin Lolo da Dahomey, ya yi ta yi mini dariya, wai tsohuwar kaza za ta koyi cara.

Malamin ajin ya duba, ya ce kusan duka harafin J ne. Da idona ya buɗe sai na ga abin dariya. Joji, alƙalin Nasara. Jarka, wadda muke zuba kananzir. Jamfa, ga ta a jikin mijina. Jak na ɗaga mota, da Janairu. Ashe rabin gadon nawa tuni yana bakina. Wasu kuwa baƙi ne: journey tafiya, joy farin ciki, jealous kishi. Wannan ta ƙarshen na ce ai ba mu bukaci Turawa su kawo mana ita ba. A gefen shafukan akwai jan shatin yatsan Baba, na goro, inda yake dannawa in yana karatu. Nan nake ɗora nawa yatsan.

Bayan shekara uku ɗan Yaya ya sami makaranta a Birnin Kebbi, aka ce ya zo da ƙamus. Yaya ya bi gida gida ya tattaro rabon kowa. Saura nawa.

"Auta, ki ba yaro takardun nan, ɗanki na," in ji shi.

"Yaya, ku kun samu gona. Ni mi ar rage min na Baba in ba su ba?"

Ya tafi cikin fushi, ni ma ban ji daɗi ba, don ina son yaron kamar ni na haife shi. Sai na sayi littafin rubutu a kasuwar Lolo, na zauna kullum bayan sallar azahar ina kwafa, kalma bayan kalma, har yatsana ya yi kanta. Ran nan na kai masa kwafin a bakin kogi, yana ɗaure kwandunan kifi.

Ya juya takardun, a kife ma ya riƙe su.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ni."

Sai ya kwance jakarsa, ya fiddo nasa rabon mai kauri, har yanzu da ƙullin da malam ya yi masa ranar rabo. Ya share mini wuri a kan kwale-kwale da gefen rigarsa.

"Shekara uku ina yawo da shi, ban san ko kalma guda ba. Zamna, Auta. Karanta min abin da Baba yab bar min."