Nana Zahara'u ta Kebbe, Wadda Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Haihuwa da asali

An haifi Nana Zahara'u a garin Jabo ta ƙasar Tambuwal a shekara ta 1231 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1816 Miladiyya, lokacin da ƙurar jihadi ba ta gama kwantawa ba. Mahaifinta, Malam Jumare, Bafillacen malami ne mai karantar da Alƙur'ani da fiƙihu a zaurensa, mahaifiyarta Fadima kuwa 'yar manoman Dogon Daji ce. Tun tana ƙarama aka san ta da kafiya, irin wadda iyaye kan yi kuka da ita yau, gobe su gode wa Allah a kanta.

Karatu

A hannun mahaifinta ta yi karatu har ta sauke Alƙur'ani, sannan ta shiga littattafan ibada. An ce ta gallabi malamin da tambaya, domin ba a hana ta abu ta yi shiru sai ta ji dalili. Da ya gaji, sai ya koya mata rarrabe abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada kawai ta ɗora wa mutane, ya kuma gargaɗe ta da cewa ta girmama al'ada muddin ba ta cutar da wani bawan Allah ba.

Aure da haihuwar fari

A shekara ta 1248 aka ɗaura mata aure da Bube Na'iya, wani marini mai haƙuri a garin Kebbe. Ta tare a gidan da uwar mijinta, Inna Tambaya, ke riƙe da shi, tsohuwa mai kirki wadda ta riƙi al'ada da hannu biyu. A 1250 Allah ya ba su ɗa namiji, aka raɗa masa suna Dawuda, ana yi masa laƙabi da Dikko kamar yadda ake kiran ɗan fari.

Al'adar wancan zamani ita ce uwa ta ji kunyar ɗan farinta: ba ta ambaton sunansa, ba ta yi masa wasa ko hira a idon mutane, da an yaye shi kuma sai ya koma ɗakin kakarsa. Zahara'u ta bi wannan sau da ƙafa. Yaro ya yi rarrafe, ya yi tafiya, amma baki bai buɗe ba, kuma babu wanda ya damu. Tsofaffin gidan ma yabonsa suke yi, wai ya gado kawaicin kakanninsa Fulani, ba ya surutu kamar 'ya'yan makwabta.

Shekarun wahala

Yabon bai daɗe ba. Da ya shiga shekara ta uku sai ya fara kururuwa da birgima a ƙasa, yana buga kansa da bango har goshi ya kumbura. A ta huɗu ya koma cizo, ba babba ba yaro. An kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshensa ya yanke masa linzami, an ba shi rubutu ya sha, an yi masa turare, duk ba a ga canji ba. Ba kurma ba ne, don ko akuya ta yi motsi a bayan gida sai ya waiwaya. Yaran unguwa suka sa masa suna bebe, iyayensu kuma suka fara raɗe-raɗin cewa iskoki ne suka shafe shi.

Duk wannan Zahara'u tana kallo daga bakin turminta, zuciyarta na ƙuna, al'ada ta ɗaure mata baki. Amma nisan da aka tilasta mata ya ba ta damar lura da abin da na kusa ba su gani ba. Ta gane cewa yaron ba ya tashin hankali haka kawai: zai nuna randa, ko ya ja zanen kakarsa, ko ya yi wani gurnani sau da yawa, sai idan an kasa gane bukatarsa, ko an yi masa dariya, sannan ya fashe.

A daminar 1255 Dikko ya jefi 'yar makwabta da dutse ya fasa mata kai. Dattawan gida suka taru a tsakar gida, suka yanke shawarar a kira maƙeri ya sa masa mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, a ajiye shi a ɗaki kamar yadda ake yi wa masu tabin hankali. Zahara'u ta san cewa yaron da aka taɓa gani da mari a ƙafa, ko ya warke, ba mai ba shi 'ya, ba mai karɓar shaidarsa har ya mutu. Sai ta ajiye taɓarya, ta fito gaban mazan, ta ce da murya sosai, "Dawuda, taho nan."

Inna Tambaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Zahara'u, ina kunyakki? Ɗan fari kinka kira da suna gaban maza?"

Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Kunya al'ada ta, ba farilla ta ba. Yaron ga ba shi da hauka, magana shika biɗa ta ƙi zuwa. In mari za a sa mai, a fara da ƙafata."

Bube Na'iya, wanda shi ma kunyar ta hana shi ko ɗaukar ɗansa, ya sunkuyar da kai ya roƙi dattawa a bar mata shi a gani. Aka bar mata, ba don an yarda ba, sai don kowa ya gaji. Matan Kebbe kuwa suka sami abin taunawa a bakin rijiya, kuma sunan marar kunya ya bi ta shekaru masu yawa.

Tarbiyyar Dikko

Ta mai da shi ɗakinta. Tana daka yana gefe, tana kaɗi yana riƙe mata auduga, duk abin da ta taɓa sai ta faɗi sunansa tana kallon fuskarsa. In ya nuna abu sai ta ambata masa, ta jira ya gwada, ba ta yi masa gaggawa, ba ta kuma yarda wani ya ƙarasa masa. In ya yi cizo ba ta dukansa, sai ta riƙe hannuwansa har ya huce. Kafin ya cika shekara shida kalmomi suka fara fitowa ɗai-ɗai, cizo da buga kai suka tafi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka da zuwan magana komai ya wuce. Da aka sa shi makarantar allo, yara suka riƙa kwaikwayon in'inarsa, shi kuma ya riƙa ramawa da hannu, har malamin ya kore shi, uwar ta ci gaba da biya masa a gida. Wajen shekara goma faɗan ya ragu, ya koma gudun mutane, ya fi son zama a gona shi kaɗai. Da ya balaga ya shiga marinar mahaifinsa, ya ƙware, amma saurin fushin bai rabu da shi ba. Abin da ya koya shi ne ya tashi ya bar wurin kafin hannunsa ya riga bakinsa. A 1274, bayan gidaje biyu sun hana shi aure, wani manomi a Fakku ya ba shi 'yarsa Ni'imatu.

Hidimarta ga jama'a

Matan da suka yi da ita a bakin rijiya su ne suka fara sallama a ƙofarta da jikokinsu a goye. Daga baya aka riƙa kawo mata yara masu nauyin baki daga Tambuwal da Jabo da Dogon Daji. Takan gaya wa iyaye gaskiya: wani zai yi magana da wuri ya manta da komai, wani zai ɗauki fushinsa har girma, yarinya kuma sau da yawa ba ta cizo, ɓuya take yi a bayan rumbu, shi ya sa ake makara a kanta. Akwai wanda ta riƙe shekaru bai ce uffan ba, ta mayar da shi tana hawaye, bayan ta sa mahaifinsa ya yi alkawarin ba duka ba ɗauri.

Rasuwa

Mijinta ya riga ta a 1289. Ita kuma ta kwanta ciwon ajali a ƙarshen 1298, ta tara 'ya'yanta ta yi musu wasiyya da zumunci, ta ce wa ƙannen Dikko, "In wanku na magana, kar wanda ya cika mai ita. Ku jira shi." Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Safar na 1299, aka yi mata sutura aka kai ta maƙabartar Kebbe.

Bayan an rufe kabari, bisa al'ada babban ɗa ne ke roƙa wa mamaci gafarar jama'a. Dikko, da furfura a gemu, ya miƙe, maganar ta sarƙe masa a wuya. Liman ya buɗe baki zai taimaka, sai Malami, ƙanin Dikko, ya taɓa hannun liman ya tsayar da shi. Jama'ar gari, har da waɗanda suka taɓa kiransa bebe, suka tsaya cikin rana suna jira, har ya ce, "Jama'a, Nana ta koma ga Ubangijinta. Wanda duk tas saɓa ma, shi yafe mata." Aka amsa masa baki ɗaya.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: Dawuda, wato Dikko, marini a Kebbe, Malami, limami a Fakku, Ɗan'iya, manomi, Atu, tana aure a Jabo, da Na'inna, autarta. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.