Takardar Goggo a Tarukan Jam'iyyu Biyu

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da wani abokina da kallo kawai ya kai shi. Ni kuwa Goggo ce ta kira ni, ƙanwar mahaifina mai sayar da nono a Gbalahi, can bayan garin Tamale. Tafkin da shanunsu ke sha ya cike da laka, ruwansa ba ya kai su bazara, bara har sun rasa shanu. Da ta ji manyan jam'iyyu biyu za su yi babban taronsu a Tamale cikin mako guda, sai ta sa aka rubuta mata takardun koke biyu, ta ce in zo in zama bakinta.

Hanya lafiya lau, sai ramuka bayan Kintampo. A Buipe mata suka yanyame motar da soyayyen kifi, na sidi ashirin bai fi tafin hannu ba. Fasinjoji kuwa sun rabu biyu, ana ta musun siyasa, amma barkono ɗaya kowa ke dangwala.

Taron farko a babban fili aka yi shi. Makaɗan Dagomba, babura, lasifika, kowa da rigar ɗan takara a kan binjimarsa, taguwar saƙi ta mutanen yankin. Tun hantsi muke tsaye har la'asar, shi kuwa ɗan takarar hularsa kawai muka hango. Jiri ya ɗebi Goggo. Wata shugabar mata ta tashi ta ba ta kujerarta da ruwa, ta tambayi abin da ya fito da tsohuwa cikin wannan rana. Ta karɓi takardar ta soke a jaka. A raina na ce shi ke nan, ta tafi.

Bayan kwana biyu muka hau yalo-yalo, keken hayar garin, zuwa taro na biyu. Wannan a zaure ne, da kujeru a jere, wakilai da kati a wuya, jawabi bayan jawabi. Can kunne ya sha wuya, nan kuwa hamma ake yi. Ba mu da kati, don haka a ƙofa muka tsaya. Mai gadi ya miƙo mana shinkafa a roba cikin ladabi. Goggo ta ce, "Ɗan nan, gaya masa na gode, amma ba yunwa ta kawo ni ba, ƙishirwar shanu ce." Wani dattijo cikin wakilai, da ya fito alwala, ya ji. Ya karanta takardar a tsaye har ƙarshe, ya ce, "Inna, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba, amma zan zo in gani."

Ana gobe za mu koma, muna shan fura a rugar su Goggo, sai ga dattijon nan a kan babur. Bai gama gaisuwa ba sai ga shugabar matan nan ita ma. Ashe maƙwabta ne a unguwar Nyohini, sun shekara ba sa ga maciji saboda zaɓe. A bakin tafkin suka fara gardamar gwamnatin wa ta yi sakaci. Goggo ta tuɓe takalmi ta shiga, laka ta kai mata gwiwa, ta juyo ta dube su. Nan suka bar gardamar. Kafin su tafi sun yarda za su je ofishin gunduma tare su nemi motar yashe tafki.

Na iso Kumasi da ciwon baya da shaƙaƙƙiyar murya. Har yau motar yashe tafkin ba ta zo ba, amma Goggo ta ce sau biyu suna zuwa ofishin, kuma tare. Na je da zaton 'yan siyasa duk kurame ne. Na dawo na san a kowane taro akwai mai ji, sai dai ba a kan dandamali yake zaune ba.